Wankin Tufafi Bayan Hawan Dutse da Hunturu

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu shi ne lokacin da makarantun Jos suka fi kai yara yawon ganin ƙasa, domin ruwa ya ɗauke, ciyawa ta bushe, hanyoyi sun buɗe. Waɗansu su nufi duwatsun Shere, waɗanda tsayinsu ya kai wajen ƙafa 6,000 daga teku, waɗansu Riyom, waɗansu mafaɗar ruwan Assop. Kowa ya sha rigar sanyi da hula da safa. To, abin da nake so in yi magana a kai shi ne abin da ke biyo waɗannan tufafi gida, gama na lura malamai sukan yi shirin tafiya sosai, amma shirin komowa ba mai tunawa da shi. Sai bayan kwana biyu a ga yaro da bororo a hannu, a ce ƙazwa ce, ko a ce wani abu ya taka.

Bari in fara da labarin wata ƙasa, don ya haskaka mana tamu. A Amurka akwai wani tsiro mai yaɗo, mai ganye uku-uku, wanda suke kira foizin aibi. Jikinsa duka akwai wani mai da masana suka sa wa suna urushiyol, daga sunan wani itace na Japan da ake shafe akusa da ruwansa. Man nan ba ya tashi a iska, ba ya kuwa narkewa a ruwa. In ya taɓa riga ko takalmi sai ya zauna watanni, har shekara ta kewayo yana da ƙarfinsa. Da sanyi ganyen yakan zube, mutum ya dafa busasshen reshe bai sani ba, alhali man yana nan. Ƙurajen kuma ba su fitowa nan take, sai bayan yini ɗaya ko biyu ko uku.

Ba mu da wannan tsiro a nan, amma muna da danginsa a bayan ɗaki, watau mangwaro da kashu, wanda Kanawa ke ce wa yazawa. Gidansu ɗaya a wurin masana tsirrai. Ɓawon ƙwallon kashu cike yake da wani baƙin mai, ɗan'uwan urushiyol, wanda ke ƙona fata ya tayar da bororo. Yara sun san haka, shi ya sa waɗansu ke zana sunansu a hannu da shi, abin da ya kamata malami ya hana. Yaron da ya fasa ƙwallo da dutse ya shafe hannu a wando, ya ɗauki dafin ke nan ya kai ɗakin kwana. Ɗanyen ruwan da ke tsartuwa daga gindin 'ya'yan mangwaro in an tsinke, shi ma yakan yi wa waɗansu haka a leɓe.

Amma a kan duwatsunmu abin da ya fi haɗari shi ne itatuwa masu nono, kerana da tinya. Duk wanda ya ratsa ƙauyukan Birom ya ga shingen kerana kewaye da gidaje da gonaki, tun na kakanni. Ko kaɗan aka karce ta sai farin nono ya ɓulɓulo. Na tinya ya fi zafi, har masana da suka fid da dafin cikinsa suka kira shi tinyatoksin, da sunan nan namu na Hausa. Nonon nan in ya bushe a riga sai ya zama kamar danƙo, ruwan sanyi ba ya ɗaga shi. Wanda ya murza wurin da yatsa, ya kai yatsan ido, zai iya kwana da ciwon da ba ya mantawa, wani har ganinsa ya taɓu. In haka ta faru, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta a idon kamar minti 20, sa'an nan a tafi asibiti. Kada a tsaya ɗiga wani magani na gida.

Sai karara, mai hawa itatuwa a bakin rafi. Ita nata ba mai ba ne, gashi ne ƙanana jajaye a jikin kwanson, masu cirewa da zarar an taɓa, kuma da hunturu ne suke nuna. Gashin yakan nutse cikin saƙar rigar sanyi da bargo.

To, yaya za a yi? Tun a bakin ƙofa ake farawa. Kada yaro ya zauna kan gado da tufafin da ya hau dutse da su. Ya tuɓe a hankali yana juya rigar ciki waje, ya sa a jaka dabam. Ya wanke hannu da sabulu, har ƙarƙashin farce, kāna ya yi wanka. A nan akwai abin lura: jiki da ruwan sanyi ko mai ɗan ɗumi, tufafi da ruwan zafi. Na san da sanyin Jos wannan magana ba ta da daɗin ji, amma ruwa mai zafi ƙwarai yana ƙara wa fata ƙaiƙayi. Sauri kuma shi ne magani, domin man kashu yakan fara shiga fata tun ba a yi rabin sa'a ba.

Mai wanki ya sa hannuwansa cikin leda. A jiƙa kayan su kaɗai, kada a gama da sauran wanki, a ruwan zafi da sabulu mai yawa, ko garin Omo ko sabulun salo. Dalili kuwa, sabulu yana da kai biyu, ɗaya ya kama mai, ɗaya ya kama ruwa, sai ya ja man ya bi ruwan ɗauraya. Kada a cika daro da kaya, ruwa ya fi tufafin yawa. A wanke, a zubar nesa da inda yara ke wasa, a sāke sabon ruwa a wanke na biyu. Busasshen nonon kerana a fara shafa masa ɗan man gyaɗa ya yi laushi, a kankare da bayan wuƙa, sa'an nan a sa sabulu. Baƙin tabon kashu sau da yawa ba ya fita, amma in an wanke sosai dafinsa ya tafi.

Rigar da ta kwashi karara kada a kakkaɓe ta cikin ɗaki, iska za ta raba wa kowa. A fita waje, a ɗauke gashin da filasta, a tsoma rigar cikin tafasasshen ruwa, gama zafi yana kashe abin da ke sa ƙaiƙayin. Rigar ulu ce kaɗai ba ta jure haka, takan tsuke. Ita sai ruwa mai ɗumi, a yi ta sākewa har sau uku.

Abin da aka fi mantawa shi ne takalmi da igiyarsa, da sanda, da maratayin jaka, da adda. Takalmi a goge shi da tsumma da ruwan sabulu, igiyar a zare ta a wanke. Addar da ta sari kerana a goge ta da kananzir, amma kananzir na ƙarfe ne, ba na fata ba. Tsummokin a binne su, kada a jefa wuta, domin hayaƙin nonon kerana da na ɓawon kashu yana cutar ido da maƙogwaro.

Wanda zai koyar da wannan a aji, ga gwajin da ba ya cin kuɗi. A sami ƙyalle biyu farare, a ɗiga wa kowane man ja. Ɗaya a cuɗa shi a ruwan sanyi zalla, ɗaya a ruwan zafi da sabulu. A shanya su a bakin taga, yara su zo su duba da safe, su rubuta abin da suka gani.