Darasin Wannan Mako: Kula da Iyayenmu Masu Ciwon Suga

Da yawanmu nan muke neman abinci, amma iyayenmu suna can gida Misau, Azare da ƙauyukan Katagum. Idan aka ce Baba ko Inna na da ciwon suga, abin da muka iya shi ne tura kuɗin magani. Madalla da hakan, amma kuɗi kaɗai ba sa riƙe wannan ciwo, sai da sani da bibiya.

Mene ne ciwon?

Nau'i na biyu shi ya fi kama manya. Jiki yana yin sinadarin insulin, sai dai bai isa ba ko jikin ba ya karɓarsa yadda ya kamata, sai suga ya taru cikin jini. Alamunsa: yawan fitsari da ƙishirwa, kasala, rama, dishi-dishin gani, da gyambon da ya ƙi warkewa. Idan awon safe kafin karin kumallo ya kai 126, ko 7 a na'urar da ke amfani da ɗaya ma'aunin, kuma aka maimaita ya tabbata, to ciwon ne. Ba a rabuwa da shi, lallaɓa shi ake yi.

Faɗuwar suga ta fi saurin illa

Kowa tsoron hawan suga yake, amma ga tsoho faɗuwarsa ce ke kayar da mutum nan take. Tsoho ya sha ƙwaya irin glibenclamide ko ya yi allurar insulin, sannan ya ce ba ya jin cin abinci. Can sai gumi, makyarkyata, ruɗewa, har suma. A gida sai a ce tsufa ne ko iska. Idan awo ya yi ƙasa da 70 kuma yana iya haɗiya, a dama masa ƙaramin cokali 3 na sukari a ruwa, a sake awo bayan minti 15, sannan ya ci abinci. Idan ya suma, kada a ɗura masa komai, sai asibiti.

Abinci

Ba a ce a horar da tsoho da yunwa ba. A rage malmalar tuwo, musamman na shinkafa, a ƙara miyar kuka, kuɓewa, zogale, rama da wake. Fura da kunu a sha kaɗan ba sukari. Lemon kwalba da shayi mai zaƙi a yi musu sallama. Zuma ma suga ce.

Ƙafa

Ciwon na kashe jijiyoyin ƙafa, har ƙaya ta soki mutum bai ji ba. Bayan alwala a goge tsakanin yatsu. Kada ya taka ƙasa ba takalmi, kada ya kara ƙafa kusa da kaskon wuta da hunturu. A shafa mai a kan faso. Ƙaramin rauni ma a kai shi asibiti, kar a tsaya ɗaurin gida.

Azumi

Suratul Baƙara ta yi rangwame ga mara lafiya. A ga likita tun cikin Sha'aban. Mai azumin da sugansa ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300 ya sha ruwa nan take. Wanda likita ya hana kwata-kwata, ya tambayi malamai batun ciyarwa.

Aikinmu daga nan

A saya musu na'urar awo, a sa mutum ɗaya a gida ya riƙa rubuta sakamako a littafi. A tura kuɗin magani kafin ya ƙare, domin tsallake kwanaki ɓarna ne. Kada a ajiye metformin don wani ya kawo jiƙo. A riƙa kai su asibitin Misau ko asibitin tarayya da ke Azare, a duba hawan jini, ido da ƙoda aƙalla sau ɗaya a shekara.

Idan ka buga waya, kar ka tsaya a “ya jiki?”, don amsar kullum “da sauƙi” ce. Tambayi: “Baba, nawa awon ya nuna yau? Kun karya kafin shan magani?”

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba mu ikon kyautata wa iyaye. Amin.