Tambaya da Amsa: Dole Ne In Bi Jam'iyyar Gidanmu?

TAMBAYA

Malam, ni ɗanka ne daga Unguwar Shanu a nan Kaduna, shekarata 24, ina sana'ar gyaran waya. Mahaifina tsohon ɗan PRP ne tun zamanin Balarabe Musa, daga baya ya bi Buhari tun daga ANPP har zuwa APC, kuma har gobe yana nan bai motsa ba. Kawuna kuwa ɗan PDP ne na gani-kashe-ni. Kowannensu so yake in yanki katin jam'iyyarsa. Baba ya ce gidanmu ba a san mu da wake da shinkafa ba, sak ake yi daga sama har ƙasa. Abokaina a majalisarmu kuma sun ce 'yan siyasa duk kanwar ja ce, in karɓi abin da aka ba ni ranar zaɓe in kama gabana. Ni kuwa akwai wanda ya kwanta mini a rai a wannan jam'iyya, akwai wani a waccan. Malam, dole ne sai na shiga jam'iyya? Idan na zaɓi wanda ba na jam'iyyar Baba ba, na saɓa masa ke nan? Kuma da me mutum zai auna ɗan takara?

Ɗanka, daga Unguwar Shanu.

AMSA

 Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ya ƙara wa Baba da Kawu lafiya.

Ba dole ba ne. Sashe na 40 na tsarin mulkin 1999 'yanci ya ba ka na shiga jam'iyyar da ka ga dama, bai ɗora maka wajibi ba. Ranar zaɓe katin hukumar INEC kaɗai za a nema a hannunka, na'ura ta duba yatsanka ko fuskarka, a miƙa maka takarda. Babu ma'aikacin da zai tambaye ka katin jam'iyya.

Amma kada ka raina katin. A Najeriya babu ɗan takara mai zaman kansa, sai wanda jam'iyya ta tsayar, kuma takardar da kake dangwalawa ma tambarin jam'iyyu ne a jikinta. Tun kafin ka hau layi an riga an tace mutanen a zaɓen fid da gwani, a 2022 galibi ta hannun daliget aka yi, su kuma daliget daga mazaɓu aka fitar da su, a irin tarurrukan nan da matasa ke ganin ɓata lokaci ne. Kuɗi na magana a wurin ƙwarai. A 2022 APC ta sayar da fom ɗin takarar gwamna naira miliyan 50, na majalisar wakilai miliyan 10, na majalisar jiha miliyan 2. PDP kuwa na gwamna miliyan 21. Wanda bai shiga madafa ba, abin da aka zubo masa shi zai ci. In kana da haƙurin zaman taron mazaɓa, da jure ganin abin da ranka ba ya so, da buɗe baki a gaban manya cikin ladabi, to shiga, domin ana buƙatar irinka a ciki. Gyaran da aka yi wa tsarin mulki a 2018 ya sauko da shekarun takarar majalisar jiha da ta wakilai daga 30 zuwa 25, ka ga baɗi kai ma ka kai. In kuwa don kawai ka faranta wa Baba ko Kawu za ka yanki kati ka jefa a aljihu, bar shi.

Yanzu ga abin da ya fi damunka. Ka sake karanta abin da ka rubuto mini game da Baba. PRP ya fara, mai alamar mabuɗi, jam'iyyar Malam Aminu Kano. Sai ANPP a 2003 da 2007. In dai Buhari ya bi, ya ratsa ta CPC a 2011 kafin a haɗe a kafa APC a 2013. Jam'iyya huɗu ke nan, kuma na tabbata ko sau ɗaya bai ji a ransa ya ci amanar kowa ba. Me ya sa? Domin akwai abin da yake bi wanda ya fi suna da tuta: shugaban da yake ganin ba zai taɓa dukiyar jama'a ba, kuma zai tuna da talaka. Inda ya hango wannan, nan ya nufa. Ɗan da ya duba da idonsa ya nemi wannan halin a duk inda yake, hanyar ubansa ya bi ko da akwatinsu ya bambanta.

Su kansu masu jam'iyyun ai ba sa zama wuri ɗaya. Shehu Sani ya je majalisar dattawa a 2015 a APC, ya nemi komawa a 2019 a PRP bai samu ba, ya shiga PDP, daga baya ya dawo APC. Isa Ashiru ya bar PDP ya nemi tikitin gwamna a APC a 2014, sannan ya koma PDP ta tsayar da shi a 2019 da 2023. Malam Nasiru El-Rufai, wanda da shi aka kafa APC kuma ya yi gwamna shekara takwas a cikinta, ya fice a watan Maris na 2025. Ban kawo sunayensu don zargi ba, kowa na da dalilin da ya bayar. Abin da ke min ciwo shi ne a ga 'yan'uwa a Kawo ko Unguwar Dosa sun daina zuwa sunan juna saboda mutanen da gobe za a gan su a kan dandamali ɗaya suna ɗaga hannun juna.

Duk da haka maganar sak da Baba ke yi tana da tushe, kuma a garin nan tushen yake. A 1979 mutanen tsohuwar Jihar Kaduna, lokacin Katsina na ciki, sun ba Alhaji Balarabe Musa na PRP kujerar gwamna a kan Alhaji Lawal Kaita na NPN, amma majalisar da ke zama a Lugard Hall NPN ce ke da babban rinjaye a cikinta. Gwamna ya soke haraji da jangali, talakawa suka yi murna. Majalisa kuwa ta ƙi amincewa da sunayen kwamishinoninsa, ya kai ya sake kaiwa, har ya yi mulkinsa kaf babu kwamishina ko ɗaya. Ranar 23 ga Yuni 1981 suka tsige shi, gwamna na farko da aka yi wa haka a tarihin ƙasar nan, mataimakinsa Abba Musa Rimi ya ƙarasa. Duk ɗan PRP da ya ga wannan da idonsa, ba za ka raba shi da tsoron a zaɓi shugaba a bar shi ba mataimaka a majalisa ba. In Baba ya ce sak, wataƙila wannan tabon ne ke magana, kuma ya cancanci ka saurare shi da kyau.

Sai dai mun ga ɗaya fuskar. A guguwar 2015, a faɗin Arewa, mutane da yawa sun dangwala wa tsintsiyar APC a kowace takarda ba tare da sun san sunan wanda suke turawa majalisa ba. Wasu daga cikin waɗanda guguwar ta kwaso sun yi aiki, wasu kuwa ba a sake jin ɗuriyarsu ba sai da wani zaɓen ya ƙarato. Majalisar da kowa a cikinta ya san albarkacin wani ya ci, da wuya ta iya ce wa gwamna a'a ranar da ya kamata a ce.

Kuma maƙwabtanka sun riga sun fara rarrabewa. Ranar 25 ga Fabrairu 2023, a jihar da APC ke mulki, Atiku Abubakar na PDP ne ya zo na ɗaya a zaɓen shugaban ƙasa da ƙuri'a 554,360, Bola Tinubu 399,293, Peter Obi 294,494. Kujerun sanata uku duka PDP ta ɗauke, har da ta Kaduna ta Tsakiya inda Lawal Adamu Usman ya ci. A wannan ranar dai, mazaɓarku ta Kaduna ta Arewa Bello El-Rufai na APC ta tura majalisar wakilai. Bayan mako uku, ranar 18 ga Maris, Uba Sani na APC ya ci gwamna. Jiha ɗaya ce, mutanen kuma su ne dai. Abin da kake jin nauyin yi, dubban magidanta sa'o'in Baba sun yi shi, ba su kuma fita daga mutunci ba.

To da me za ka auna? Fara da tambayar aikin kujerar. Ɗan majalisa doka yake yi, ya duba kasafin kuɗi, ya sa wa gwamnati ido. In ya taɓa zama a can, me ya faɗa ranar da ake muhawarar bashi ko haraji ko kuɗin makaranta? Yana da ofis a mazaɓa da ake samunsa? Rabon babura da kekunan ɗinki abu ne mai kyau ga wanda ya samu, amma ba shi ne aikin ba. Gwamna kuwa a asibiti da firamare da famfo da tsaro ake ganinsa. Ɗauki shekarun El-Rufai, 2015 zuwa 2023, misali, tunda ka yi wayo a cikinsu. Wanda ke bin gadar Kawo kullum, ya tuna cunkoson da, yana da hujjarsa ta yabo. Ɗan kasuwar da aka rushe wa rumfa a Kasuwar Bacci, ko malamin firamare da yake cikin sama da 21,000 da aka sallama bayan jarrabawar 2017, shi ma yana da tasa hujjar ta kuka. Dukansu gaskiya suke faɗa. Aikinka ka zauna da wannan ka zauna da wancan, kada ka tsaya ga wanda ya faɗi abin da kunnenka ke so. Wanda bai taɓa riƙe muƙami ba kuwa, ai ɗan wata unguwa ce. Tambayi waɗanda suka yi ciniki da shi, da waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinsa, ka kuma duba su wa ke kewaye da shi da wanda ya saya masa fom, domin mai saya zai zo karɓar abinsa.

Ba zan tsallake batun addini ba, tunda a Kaduna muke. Tun rikicin Fabrairun 2000 da na 2002 kogin Kaduna ya zama kamar iyaka, Musulmi suka tattaru a arewa, Kiristoci suka koma Barnawa da Sabon Tasha da Television da kewaye, kuma sakamakon akwatuna yakan bi wannan rabon. Bayan zaɓen Afrilun 2011 an yi asarar ɗaruruwan rayuka a jihar nan, kuma talakawa ne aka binne ta kowane ɓangare. Ba zan ce maka ka ajiye addininka a ƙofar rumfa ba, shi ne ma ya hore ka da adalci da riƙon amana. Malaminka in ya nuna maka ɗan takara, girmama shi, sannan ka nemi dalili, irin dalilin da za a iya dubawa a gani. Amma duk wanda bai da abin nuna maka sai tsoron mutanen ƙetaren kogi, ka yi hattara da shi. Ranar da farashin mai ya tashi bayan 29 ga Mayu 2023, ɗan acaɓan Rigasa da na Narayi kuɗi ɗaya suka biya a gidan mai.

Game da saɓa wa mahaifi, malamai da dama suna ɗaukar ƙuri'a a matsayin shaida, kana cewa na san wannan zai iya riƙe amanar nan. Shaida kuwa ba a yin ta da idon wani, ko da na uba ne. Haƙƙin Baba a kanka shi ne ladabi, da saurare, da kada ka kunyata shi a gaban abokan siyasarsa, da kada ka yi masa ƙarya. In ka yi wake da shinkafa, kada ka dawo gida ka ce sak ka yi. Doka ta sa ƙuri'a ta zama sirri, kana iya yin shiru, kana kuma iya samun lokacin da yake cikin nishaɗi ka ce, "Baba, a wannan kujerar ga wanda na gani, ga dalilina, me ka sani game da shi da ban sani ba?" Wataƙila ya gaya maka abin da zai sauya maka ra'ayi, domin ya daɗe yana ganin mutanen nan. Kawu ma haka za ka yi da shi.

Abokanka na majalisa kuwa, ka kai musu wannan lissafin. A zaɓen gwamna na 2023 Uba Sani ya samu 730,002, Isa Ashiru 719,196. Tazarar 10,806 ce, a jihar da ke da rumfunan zaɓe sama da 8,000 da masu rajista sama da miliyan huɗu. Ko ƙuri'a biyu ba ta kai ba a kowace rumfa. Mutum biyu daga benci ɗaya na mai shayi, in an samu irinsu a kowace rumfa, sun isa su juya sakamakon jiha ko su tabbatar da shi. Masu rabon taliya da atamfa da 'yan dubu a bayan layi sun san wannan lissafin sarai, shi ya sa suke biya. Saye da sayar da ƙuri'a laifi ne a dokar zaɓe, mai bayarwa da mai karɓa. Na san halin da ake ciki, ba na kuma zagin uwar marayun da ta miƙa hannu ta karɓa. Amma kai kana da sana'a, kuɗin gyaran waya biyu ko uku ne za a ba ka a kan shekara huɗu.

Kafin duk wannan, ɗauko katinka ka duba ko rumfar da ke jiki tana kusa da inda kake kwana yanzu, domin ranar zaɓe ana hana zirga-zirgar ababen hawa. In ta yi nisa, ka je ofishin INEC na ƙaramar hukumar Kaduna ta Arewa lokacin da aka buɗe rajista ka nemi a sauya maka, ka kuma ja abokan nan naka ku tafi tare.