Rifilekshan ba ya bin manhaja zuwa burauza

Manhajar Java da ta dogara da anotashan da rifilekshan ba ta shiga burauza ta hanyar GWT yadda take. GWT, wanda Google ya saki a 2006, yana juya Java zuwa JavaScript tun kafin manhaja ta tashi, ya zubar da abin da ba a kira ba, ya gajarta sunaye. Don haka babu Class.forName a can, babu getDeclaredFields, kuma anotashan ko da an sa masa RUNTIME ba mai karanta shi.

Wata ƙungiyar manoman rani da ke da mambobi a Goronyo, Wurno da Rabah ta ɗanɗana kuɗarta a kan wannan. Tana da tsohuwar manhaja ta rubuta bashin taki, da @NotNull a kan sunan ƙauye da @Min a kan yawan buhuna. Shugabanni suka so a riƙa buɗe ta a waya, suka ba wani mai araha aikin. Kwamfailan GWT ya ƙi ajin da ke tantance bayanai, domin da rifilekshan yake aiki. Maimakon mutumin ya tsaya ya karanta kuskuren, sai ya musanya ajin da wani fanko mai amsa "lafiya lau" ga komai. Jan rubutu ya ɓace, aka biya shi.

Sai da aka yanke shinkafa asiri ya tonu. Ga layi babu ƙauye, ga manomi da buhu sifili alhali ya kwashi huɗu. Sakatare, dattijon da bai taɓa cin kwabon kowa ba, ya zauna kan tabarma da tsohon littafinsa, yana bin layi da yatsa, ana yi masa kallon ɓarawo. Abin takaici ne ƙwarai.

Kuskuren kwamfaila gargaɗi ne, ba a toshe masa baki. A GWT, aikin da rifilekshan yake yi ana mayar da shi lokacin haɗawa, ta janareta da GWT.create, ko ta mai sarrafa anotashan da zai rubuta kod ɗin tantancewa tun da wuri. Gwajin da ya wuce a JVM bai ce komai ba game da burauza. A cikinta ake gwadawa, da bayanan banza da gangan. Saba ma dole ta sake tantancewa, abin da ta waccan ƙungiya ba ta yi ba. Kuma duk wanda ya ce ya gyara kuskuren kwamfaila cikin minti biyar, a sa shi ya nuna layin da ya goge kafin a biya shi.