Rigakafin Ciwon Hantsa a Jikin Karsana

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa shan fura da nono ya ci moriyar saniya, ko da bai taɓa taka ruga ba. Amma kafin nonon nan ya kai ƙwarya, akwai ɗawainiya mai yawa da makiyayi yake sha. Wannan darasi zai yi tsokaci ne a kan wata cuta da ke yi wa masu shanun tatsa ɓarna, wato ciwon hantsa, da yadda ake kare karsana daga gare ta tun kafin haihuwarta ta fari. Haka kuma, ɗalibi zai tsinci wasu kalmomin kiwo da ba kasafai ake jin su a aji ba.

Ma'anar Wasu Kalmomi

Karsana: Budurwar saniya wadda ba ta taɓa haihuwa ba.
Hantsa: Jakar nono da ke tsakanin ƙafafun baya na saniya, ko akuya, ko tunkiya.
Dakashi: Nonon farko mai kauri da ke zuwa da zarar dabba ta haihu.
Madara: Nonon da aka tatso bai riga ya yi tsami ba.
Dangwali: Doguwar igiya da ake ɗaure maruƙa a jikinta a jere.

Mene ne Ciwon Hantsa?

Ciwon hantsa kumburi ne da ke aukuwa idan ƙwayoyin cuta suka shiga hantsa ta ƙofar kan nono. Hantsar saniya ɗaki huɗu ce, kowane ɗaki da nasa kan nonon, kuma madarar wannan ba ta shiga wancan. Saboda haka ɗaki guda yana iya kamuwa sauran ukun suna lafiya.

Cutar iri biyu ce. Akwai ta fili, wadda hantsa take kumbura, ta yi zafi, ta yi tauri, madara ta fito da gudaji ko jini, ko ta tsinke kamar ruwa, saniya kuma ta riƙa harbi idan an zo tatsa. Akwai kuma ta ɓoye, wadda ido ba ya gani, sai dai madara ta yi ta raguwa. Wannan ta biyun ita ta fi yawa a garke. Ana gano ta da wani gwaji mai sauƙi da aka fito da shi a Kalifoniya ta ƙasar Amurka a shekarar 1957. Akan tatsi madarar kowane ɗaki daban a gauraya da ruwan gwajin. In ta yi yauƙi, to akwai cuta.

Yadda Karsana ke Kamuwa

Mai karatu zai iya tambaya: dabbar da ba a taɓa tatsa ba, ina ta gamu da ciwon hantsa? Hanyoyin suna da yawa. Maruƙa sukan tsotsi kan nonon juna bayan sun sha madara, ta haka sai ƙofar nonon ta buɗe, ƙwayar cutar da ke bakin wani ta shige. Ƙudaje masu cizo da kaska sukan yi wa kan nono miki, ƙwayar cuta ta samu wurin zama. Sannan idan ciki ya tsufa, hantsa takan cika, wani lokaci har ta riƙa ɗiga. In karsana tana kwanciya cikin taɓo da kashi, shi ke nan an buɗe wa cuta ƙofa.

Abin da ya sa lamarin karsana ya fi tayar da hankali shi ne, hantsarta tana cikin girma ne. Ɗakin da ya lalace a wannan lokaci yakan rage ba da madara har tsawon rayuwarta, wani ma ya mutu ɗungurungum. Ke nan makiyayin da ya yi shekara uku ko huɗu yana kiwon karsanar Bunaji, ya kuma jira cikin wata tara, sai ya wayi gari da saniya mai nono uku. Asarar ba ta tsaya kansa ba. Maraƙi ba zai ƙoshi ba, uwargida kuma, wadda cinikin nono hakkinta ne a ruga, ƙwaryarta ba za ta cika ba.

Hanyoyin Rigakafi

1. A ba maraƙa dakashi isasshe a sa'o'in farko na haihuwa, kada kuma a shayar da ita madarar saniya mai ciwon hantsa.
2. A ba da tazara a dangwali yadda bakin wani ba zai kai jikin wani ba, a ware wanda ya saba tsotson 'yan'uwansa.
3. A yaƙi ƙudaje da kaska, musamman da damina, a riƙa duba kan nono ko akwai miki.
4. Idan haihuwa ta matso, a mayar da karsana busasshen wuri mai tsabta, nesa da shanu marasa lafiya. Kada a cika mata gishiri ko kanwa, domin suna ƙara kumburin hantsa.
5. Bayan haihuwa, a fara tatsar sababbin haihuwa masu lafiya, mai ciwo ta zo ƙarshe. Mai tatsa ya wanke hannu, kada a goge shanu biyu da tsumma ɗaya.
6. Ƙofar kan nono ba ta rufewa nan take bayan tatsa. A tsoma shi a ruwan maganin aidin, a ba saniya ciyawa don ta tsaya kamar minti 30 kafin ta kwanta.
7. In cuta ta bayyana, a kira likitan dabbobi. Madarar saniyar da ake yi wa allura ba a sha, ba a sayarwa, sai kwanakin da likita ya ɗiba sun cika.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a fahimci cewa lafiyar hantsa tun daga dangwali take farawa, kuma yawancin matakan nan tsabta da lura kawai suke buƙata. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Aikin ɗalibi shi ne, ya ziyarci kara ko rugar da ta fi kusa da shi, ya tambayi makiyaya sunan da suke kiran wannan cuta da Hausa da Fulatanci, ya kawo mana abin da ya samo.