Kwalba ce ke fasa 'yar uwarta a cikin kwali

Sana'ata ɗaure kaya ce. Masu sayar da humra da turaren jiki, zuma, man shanu, kayan kwalliya da kofunan tangaran suna kawo mini hajarsu a nan Kano, in shirya ta a kwali, a kai tasha ko ofishin masu aike, ta kama hanyar Abuja ko Legas ko Fatakwal ko Maraɗi. A wannan aiki babu ƙorafin da kunnena ya saba da shi kamar "direba ya fasa mini kaya". Wani lokacin gaskiya ne, akwai yaran mota da ke wurga kwali ba tausayi. Amma sau da yawa idan aka dawo da kwalin da aka yi asara a cikinsa, sai in tarar jikinsa lafiya ƙalau, ko lotsawa bai yi ba, salatif ɗinsa na nan yadda aka liƙa, ciki kuwa gilashi ya zama gari. Kwalin da aka jefar ko aka danne yakan nuna tabo a kusurwa ko a gefe. Wanda bai nuna komai ba, kayan cikinsa ne suka yi ta dukan juna har suka gaji.

Daga Kano zuwa Legas tafiyar wajen kilomita 1,000 ce. Duk ramin da taya ta faɗa, duk birkin da aka taka, duk kwanar da aka sha, kwalbar da ke da wurin motsi sai ta motsa. Ba ta fashewa a karon farko. Gogayya ce ke fara kankare takardar da aka liƙa mata, sai ta ƙarce gilashin kansa, kuma gilashin da ya ƙarce ya riga ya yi rauni, bugu kaɗan ya ishe shi. Murfi ma girgiza na kwance shi a hankali. Na buɗe wani kwalin humra da aka dawo wa wata Hajiya da shi: kwalabe biyu kacal suka fashe, amma ruwansu ya jiƙe sauran, takardun sun saɓule, ƙasan kwalin ya yi laushi har yatsa na huda shi. Kayan da za a iya sayarwa a ciki ba su kai rabi ba. An rubuta gargaɗi da jan biro a kowane gefe, an kuma cusa tsofaffin jaridu, amma babu abin da ya raba kwalba da kwalba.

Jarida da tsumma suna da amfaninsu, sai dai suna kwanciya. Kafin mota ta wuce Zariya sun danne, sun zame ƙasa, sama ta zama fili. Ledar nan mai ƙurajen iska ta fi su, ina kuma amfani da ita, amma kwalbar da aka naɗe da ita aka saki a fili za ta ci gaba da yawo. Abin da ke hana yawon shi ne kwalin tsakani, wato yankakken kwali ko naɗaɗɗe da ake sakawa a ciki ya ba kowane abu gidansa. Duk wanda ya taɓa ɗaukar kiret ɗin lemo ya san dabarar: kwalba ashirin da huɗu, kowace a raminta, ana lodi ana saukewa ba su taɓa juna.

Ku ɗauki guntun kwali ku dubi bakinsa inda aka yanke. Za ku ga takarda a sama, takarda a ƙasa, a tsakiya kuma wata mai lanƙwasa kamar igiyar ruwa. Duk ƙarfin kwali a wannan ta tsakiyar yake. Tun asali ma don kaya masu fashewa aka fara sa ta a harkar ɗauri: a 1871 wani mutumin New York a Amurka, Albert Jones, ya yi rajistar takarda mai lanƙwasa don naɗe kwalabe, a 1874 kuma Oliver Long ya liƙa mata shimfiɗaɗɗiyar takarda don kada lanƙwasar ta miƙe. Yau masana'antu suna bambanta ta da haruffa. Mai harafin A ta fi kauri, kusan milimita 5, ta fi kuma tare bugu. C tana wajen milimita 4, ita ce a yawancin kwalayen da ke yawo a kasuwanninmu. B wajen milimita 3 ce, tana yankuwa da kyau, shi ya sa ake son ta wajen yin gidaje. E siririya ce, kimanin milimita ɗaya da rabi, ta ƙananan akwatunan turare da sabulu.

Abin da na fi so mai ɗauri ya riƙe a nan shi ne inda layukan suka fuskanta. Idan ramukan lanƙwasar suna tsaye, daga ƙasa zuwa sama, kwalin na ɗaukar nauyi sosai. Idan suna kwance, ɗan dannawa kaɗan sai ya karye a tsakiya. Na sha ganin wanda ya ɓata lokaci ya yanka gidaje masu kyau, amma ya yanka su a kwance don kawai haka guntun ya fi isarsa. Wannan zai raba kwalabe, amma ba zai taimaki kwalin waje ba idan aka ɗora masa buhu. Wanda aka yanka a tsaye, tsayinsa ya kai daidai bakin kwalin, yana karɓar wani ɓangare na nauyin da ke sama, ya hana shi sauka a kan murafun kwalabe.

Yankan ba shi da wuya, rula da reza mai kaifi da fensir sun isa. A auna kwalbar a inda ta fi faɗi, wannan shi ne faɗin gidanta, kada a ƙara mata sarari don tausayi. In kwalba goma sha biyu ce, layi uku na huɗu-huɗu, ana bukatar dogayen yanka biyu da gajeru uku. A tsaga kowane dogo wuri uku, kowane gajere wuri biyu, tsagar ta tsaya a rabin tsayi, faɗinta kuma daidai kaurin kwalin. Sai a juya tsagar dogayen sama, ta gajerun ƙasa, a zura su cikin juna. In an yi daidai za ka ji sun kama, ka ɗaga su da hannu ɗaya ba su warwatse ba. Ga kaya masu tsada nakan ƙara yanka biyu a kowane ɓangare, dogaye huɗu da gajeru biyar, in bar musu 'yar wutsiya a ƙarshe, ta yadda kwalaben gefe ba za su jingina da bangon kwalin ba. Kamfanonin aike da yawa suna ba da shawarar a bar wajen santimita 5 tsakanin kaya mai fashewa da bango. Wannan ɗan filin shi ke shanye bugun da ya zo daga waje. Sannan a shimfiɗa kwali ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama, in hawa biyu ne a sa wani a tsakani.

Ba kowane kaya ne ke son gida-gida ba. Faranti a tsaye ake jera su, kan gefensu, kowanne da kwali a tsakaninsa da na kusa. Injin markaɗe na lantarki kuwa jug ɗinsa da injinsa ba sa zama wuri ɗaya sai da shamaki, don mai nauyi shi ke cin mara nauyi. Nan ne naɗi ke aiki: a lanƙwasa dogon kwali sau biyu ya yi bango mai ƙafa a kowane gefe, ko a naɗe shi ya zama bututu mai kusurwa uku a cusa a lungun da ya rage. Kafin a lanƙwasa, a ɗora rula a ja layi da bayan cokali, a danne kawai, kada a yanke takardar sama. In aka lanƙwasa da ƙarfin hannu ba layi, karyewa yake yi a karkace, kuma inda ya karye ba ya sake ƙarfi.

Idan an gama, kafin salatif, a rufe a ɗaga kwalin a girgiza shi kusa da kunne. In an ji ƙara, ko an ji wani abu na zamewa, aiki bai ƙare ba. Na fi amincewa da wannan gwajin a kan duk rubutun da za a yi a jikin kwali.

Yawancinmu tsohon kwali muke saye a kasuwa, kuma ba laifi ba ne, shi ya fi sauƙin kuɗi. Amma a duba shi. Takarda na shan danshi, kuma kwalin da ya zauna a iska mai laima sosai yakan rasa kusan rabin ƙarfinsa. Abin da ya yi ƙarau a hunturun Kano zai iya isa Legas ko Fatakwal da damina ya yi laƙwas. Wanda ya taɓa jiƙewa ya bushe, ko da ya yi kyau a ido, manne na cikinsa ya saki. Ku matsa shi da yatsa biyu, in bai turje ba ku ajiye shi gefe. Don Allah kuma, masu aika kilishi, dambun nama, yaji ko gireba, kada ku yanka kwalin sabulu ko na maganin ƙwari ku sa a tsakanin abinci. Wari na shiga, abin da ya fi wari ma na iya shiga. Mai aika ruwa ko mai, ya ɗaure kowace kwalba a ledarta kafin ta shiga gidanta, in ɗaya ta yi yoyo ta tsaya a kanta.

Wasu suna ganin babban kwali ya fi aminci. Fili ne kawai ya ƙaru da za a cike, in kuma ta jirgi za a aika, manyan kamfanoni sukan auna tsawo da faɗi da tsayi a santimita, su ninka, su raba da 5,000, su karɓi kuɗin wannan lissafin idan ya zarce nauyin sikeli. Ka ga an biya kuɗin iska ke nan. A nemi kwali daidai kaya, a liƙe tsakiya da gefuna biyu, sama da ƙasa.

'Yar uwa mai sayar da kaya iri ɗaya kullum, ki yanka gidaje sau ɗaya da kyau ki ajiye su a matsayin samfuri, duk ranar ɗauri ki ɗora ki zana. In ciniki ya buɗe, masu yin kwali suna iya buga miki su da inji a kan awonki. In kuma an yi rashin sa'a kaya ya fashe, ki roƙi wanda ya karɓa ya ɗauko hoton cikin kwalin kafin ya taɓa komai. In kwalbar kusurwa ce ta fashe, filin gefe ne babu. In wuya ne ya karye, gidajen sun yi gajarta, nauyi ya sauka a kan murfi. In gindi ne ya tsage, shimfiɗar ƙasa ta yi siranta, a ninka ta biyu a aike na gaba.