Maƙoƙo da Hawan Jini

Dukanmu mun san maƙoƙo, wato kumburin nan na gaban wuya. Abin da ke kumbura wata 'yar tsoka ce mai siffar malam-buɗe-littafi, likitoci suna ce da ita tayirod. Nauyinta wajen giram 20 ne kawai, amma ruwan da take zubawa cikin jini shi ke tsara saurin aikin jiki duka. A wannan wata za mu ga yadda ciwonta yakan taɓa hawan jini.

Da fari sai mu san enzayim. Idan mun daɗe muna tauna gurasa, mukan ji ta soma zaƙi, gama akwai wani abu cikin miyau wanda ke juyar da ita. Irin wannan abu shi ne enzayim.

Enzayim biyu ne suke da babban hannu cikin ƙarfin tafiyar jini. Na fari renin, daga ƙoda yake fitowa. Robert Tigerstedt da Per Bergman suka gano shi a Sitokholm a 1898. Renin yakan yanka wani abu da hanta ke yi. Sa'an nan na biyu, wato ACE, wanda ya fi yawa cikin huhu, ya ƙarasa aikin. Leonard Skeggs da abokan aikinsa suka gano shi a Amurka a 1956. Abin da su biyu suka haifar yakan matse hanyoyin jini, ya kuma sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa.

In tayirod ta cika aiki, hanyoyin jini sukan saki. Ƙoda kuwa ta ƙara renin, ACE ya ƙaru, jini ya yi yawa, zuciya ta yi ta bugawa da sauri. Idan aka auna, lamba ta sama ce ke hawa. Mutum yakan rame ko da yana ci sosai, ga zufa, ga rawar hannu.

In kuwa ta gaza aiki, renin da ACE sukan ragu. Sai mu yi tsammani jini zai sauka. Amma ba haka ba ne kullum, domin hanyoyin jini sukan yi tauri su ƙuntata, lamba ta ƙasa ta hau. Mai wannan ciwo yakan ji kasala da sanyi, jikinsa ya yi nauyi.

Me za mu yi? Mu ci gishiri mai aidin, gama da aidin tayirod ke yin ruwanta. Tun 1993 Nijeriya ta wajabta sa shi cikin gishiri. In muna da hawan jini tare da alamun nan, ko da wuya bai kumbura ba, mu roƙi likita ya auna jininmu domin tayirod. Sau da yawa in an yi maganinta, jini yakan daidaita. Amma kada mu bar shan maganin hawan jini sai likita ya ce.

Tambayoyi:
1. Daga ina renin ke fitowa?
2. Don me jini yakan hau ko da renin ya ragu?