Roba, Leda da Nailan: Abin da Ya Kamata Maigida da Uwargida Su Sani

Jama'ar Kankiya da Kusada, ku dubi kayan gidajenku. Buta, bokiti, tabarma, igiyar ɗaure akuya, buhun gero: a da daga duma da kaba da rama da fata ake yin irinsu, yau kusan duk roba ce.

Robar asali ƙaron wata itaciya ce da ake nomawa a jihohin Edo da Delta. Ɗanyarta takan yi danƙo in ta ji rana, sai a 1839 wani Ba'amurke, Charles Goodyear, ya gano cewa in an dafa ta da farar wuta takan yi ƙwari. Da ita ake yin taya, wadda in ta tsufa ake yanka takalmi da ita, a ɗinka guga da tib ɗinta. Leda da nailan kuwa daga man fetur da iskar gas ake haɗa su. An gano leda a Ingila a 1933, nailan a Amurka a 1935.

Ba sa shan ruwa, ba sa ruɓa, kuma leda mai kauri iska ba ta ratsa ta. Manomin wake ya fi kowa cin moriyar wannan. Buhun ajiyar wake da ake kira PICS leda biyu ne a ciki, saƙaƙƙen buhu a waje. A shanya wake ya bushe ƙayau, a zuba, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Ƙwari za su mutu don rashin numfashi, ba tare da an barbaɗa maganin da ke cutar da mai ci ba. Amma fa huda ɗaya ta ɓera ta ɓata aikin.

Babban abokin gabar leda da nailan shi ne wuta. Uwargida, yawancin hijabai masu santsi na zaren roba ne. Auduga in ta kama wuta toka take zama, shi kuwa wannan narkewa yake ya manne a fata. In kina shakka, zari zare ɗaya ki kusantar da shi ga ashana: in ya nannaɗe ya dunƙule ya yi tauri, roba ce, kada ki tsuguna da ita gaban murhu. In tsautsayi ya faru, a yi ta kwarara ruwan sanyi, kada a ɓamɓare abin da ya manne, a garzaya Babban Asibitin Kankiya. Haka nan a bar hura gawayi da leda, hayaƙinta guba ne ga ƙirji.

Rashin ruɓan nan ma yana da tasa illar. In akuya ta haɗiyi ledar da aka ƙulla ƙosai, ba ta narkewa, sai dabba ta yi ta rama ciki na kumbura. Ku tambayi mahauta abin da suke cirowa daga tumbi. A tafi kasuwa da jaka ko kwando, fasassun robobi kuma a tara wa 'yan gwangwan, suna saye.